Rufin zauren Baba: a lulluɓe azara da fiyofi ko a bar ta a fili?

Ɗan Autan Gida:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan wani aiki da nake so in kammala kafin damina ta sauka. Da yawanku kun san cewa bayan rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sashen da ke da tsohon zaure shi ya faɗo a rabona, kuma na gina ciki da falo na bulo a bayansa, na rufa da kwano, saura silin da fenti. Niyyata ita ce in kira masu silin filasta, wanda ake ce wa fiyofi, su yi wa falon ado mai hawa biyu da ɓoyayyun fitilu, irin wanda na gani a gidan wani abokin aikina a Dutse, sannan su zarce su lulluɓe rufin zauren shi ma, domin azarar ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, kuma ƙasa takan zubo wa baƙi a ka idan an yi iska. Da na faɗa wa Inna, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in tambayi manya. To, ga ni na tambaya.

Baba Magini:
Wa alaikumus salam. Jikana ne yake rubutawa, ni kuwa ina faɗa masa, saboda haka idan zancen ya yi tsawo a yi haƙuri da tsoho. Ɗana, falo naka ne, ka yi masa abin da ranka yake so, amma zauren nan ina roƙonka ka dakata. Ina yaro mai miƙa tubali aka ɗaure shi, kuma abin da ke bisa kanka ba irin rufin nan ba ne da ake jera itace a zuba ƙasa a sauko. Daurin guga ne. Ƙafafu huɗu suka taso daga bango huɗu, suka ranƙwafo suka haɗu a tsakiya, kamar yadda igiyoyin guga suke haɗuwa wuri guda. Kowace ƙafa azara ce a kan azara, ana turo kowane ɗauri gaba kaɗan, a ɗaure tam, a yaɓe da ƙasa, a bar shi ya sha iska kafin a ƙara na gaba. Abin da ya sa magabata suka ɗauki wannan wahala shi ne azara guda ba ta riƙe nauyin ƙasa idan tazara ta wuce kamar kamu huɗu, to wanda yake son ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi ya tsaya masa a tsakiya ba, dole ya raba rufin gida-gida da baka, wato waɗannan ƙafafu masu ranƙwafowa.

Ka ɗaga kai ka dubi yadda aka jera azarar a tsakanin ƙafafun. Ba a miƙe take ba, a karkace take, wannan gida ya fuskanci nan, na kusa da shi ya fuskanci can, kamar saƙar tabarma. Wannan shi ne adon, kuma an yi shi ne domin a gani. Baƙin da kake ƙyama kunkunniya ce ta shekaru, daga aci-balbal da wutar da almajiran mahaifinka suke karatu da ita, tsintsiya mai dogon ƙota da tsumma za su rage ta. Ƙasar da take zubowa kuwa ba laifin ciki ba ne, saƙo ne daga waje: zanar da aka shimfiɗa a kan azara ta fara mutuwa, ko kuma an daɗe ba a hau an yi yaɓe ba. Mu da muke aikin, laso muke shafa wa soro, wato katsi na marina da gashin jima da dafara, bango kuma a yi masa makuba, wato shafen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Yaushe rabon da wani ya hau soron nan ya duba indararo?

Ɗan Autan Gida:
Allah ya ƙara maka lafiya, Baba. Gaskiya tun rasuwar mahaifinmu babu wanda ya hau, yau damina uku ke nan.

Kawu Kafinta:
Baba ya faɗi gaskiya a kan tarihin zauren, amma a bar ni in tsaya wa yaron nan kaɗan, domin mu da muke yawo gidaje muna buga silin mun san abin da matasa suke fama da shi. Yaro ya yi karatu, yana aiki, abokansa za su zo daga birni ranar ɗaurin aure, kuma zaure shi ne farkon abin da za su gani. Ba girman kai ba ne don ya so wurin ya yi haske. Sannan ina mutanen da za su riƙa hawa suna yaɓe kowace shekara? Su Baba sun tsufa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo, giginyar ma da ake fasa namijinta a fitar da azara ta yi wuya a dajinmu, wadda ake kawowa kasuwa kuma sau da yawa ba ta ƙosa ba. Idan azara ɗaya ta karye yau, samun irinta aiki ne.

Duk da haka, ban yarda a rataya fiyofi a ƙarƙashin rufin ƙasa ba, kuma dalilina na sana'a ne. Silin kowane iri yana buƙatar katakon da zai riƙe shi, katakon kuma dole a kafa shi a bango. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa kamar bulo, sai an huda an cusa itace, kuma katakon da muke sayowa a Na'ibawa, in ba an shafe shi da maganin gara ko baƙin mai ba, abincin gara ne. Azara gara ba ta cika damunta ba, amma ka kawo mata farin katako ka jingina da bangon ƙasa a cikin duhu, ka yi mata shimfiɗa ke nan.

Mai Fiyofi:
Iyayena, ina gaishe ku. Tunda sana'ata ake magana, bari in ce wani abu, ko da yake ni ne ƙarami a nan. Shekarata ta shida ke nan ina wannan aiki a Kano, kuma na lura mutanen gida suna yi wa fiyofi kallon kayan ƙarya, alhali shi ma sana'ar hannu ce kamar ta Baba. Garin da muke kwaɓawa daga wani farin dutse mai laushi ake samunsa, jifsam, wanda ake gasawa ruwan jikinsa ya fita, idan aka sake zuba masa ruwa sai ya daskare cikin mintoci kaɗan. Muna haɗa shi da zare mai kama da na rama domin ya yi ƙarfi, mu zuba a ma'auni, mu ɗaure shi a jikin katako, mu toshe mahaɗa, mu goge har sai ido ya kasa gane inda allo ya haɗu da allo. Ba ya cin wuta, yana rage zafin kwano, yana rage ƙarar ruwan sama, kuma babu siffar da ba za a iya fitarwa da shi ba. Na taɓa yi wa wani Alhaji dagi a tsakiyar falonsa, duk wanda ya shiga sai ya ɗaga kai.

Abin da ba zan ɓoye ba shi ne fiyofi ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Ɗigo ɗaya daga ramin ƙusa ya isa ya yi masa tabo ruwan ɗorawa, idan ya ci gaba sai ya jiƙe, ya yi nauyi, ya ɓalle. Shi ya sa nakan ce wa mai gida ya bari kwanonsa ya ga ruwan Agusta tukuna, a gane inda yake yoyo a toshe, sannan a kira mu. Yaya, kai kuma kana so a gama kafin damina, wato kafin a gwada kwanon. A falonka zan yi maka, amma bayan kaka. A zauren kuwa, ko ka biya ni ninki biyu ba zan yi ba.

Malamin Makaranta:
Na ji daɗin wannan magana ta ƙarshe, domin mai sayar da kaya ne da kansa ya ce kada a saya. Ina so in ƙara wani abu a kan abin da Baba ya fara, saboda matasanmu su san cewa ƙawata saman ɗaki ba daga Turai ko Dubai muka koya ba. A ginin Hausa na asali, waje yakan zama ja ko toka-toka, ba yawan ado sai a fuskar zaure, amma da ka shiga ciki, sama ake kai ido. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830, darajarsa a wurin masana gini tana cikin bakunan da suka riƙe rufinsa da yadda aka jera azara a tsakaninsu. Har an gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos domin a adana fasalin. Wanda bai iya zuwa Zariya ba, ya shiga Gidan Makama a Kano, kusa da fadar Sarki, ya ɗaga kai kawai. A Jamhuriyar Nijar ma, masallacin Yama da ke yankin Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, a lokacin da mu nan muke rushe namu muna kafa kwano.

Ba ina cewa zauren ƙauyenmu ya kai waɗannan ba. Abin da nake cewa shi ne fasaharsu ɗaya, kuma a iya sanina, a duk unguwarmu daurin guga uku ya rage a tsaye: na gidan Mai Unguwa, na tsohon masallaci, sai wannan. Abin da mai fiyofi yake wahala ya kwaikwaya da hawa biyu da lanƙwasa, wato ya sa rufi ya yi zurfi ya ja ido, zauren nan yana da shi tun asali.

Kawu Kafinta:
Malam, tarihi yana da daɗin ji, amma ba kai za ka riƙa share ƙasa a kan tabarma kullum ba. Gidan Makama gwamnati ce take kula da shi, wannan kuwa albashin yaro ɗaya ne.

Malamin Makaranta:
Haka ne, Kawu, kuma ban musa ba. Sai dai a lissafa duka biyun: kuɗin katako da fiyofi da fenti da motar da za ta ɗauko su daga Ƙofar Ruwa zuwa nan, a ajiye gefe guda, sannan kuɗin yaɓen soro da farar ƙasa a ɗaya gefen. Kuma ko an yi silin ɗin, yaɓen bai faɗi ba, tunda ƙasar tana nan a sama.

Baba Magini:
Malam ya taɓo inda nake so in je. Ɗana, ka saurara da kyau, domin wannan ya fi maganar kyau ko muni. Rufin ƙasa yana magana kafin ya faɗi. Za ka ga damshi ya yi zane a jikin baka, ko azara ta fara lanƙwasa, ko gara ta ja layinta, ko tsaga ta buɗe a inda ƙafa ta bar bango. Mai gida yana zaune a zaurensa, ya ɗaga kai ya gani, ya kira magini, a tallafe da itace a gyara. Idan ka lulluɓe shi da farin silin, ka toshe masa baki ke nan. Zai ci gaba da jiƙewa a ɓoye, kai kuwa kana ƙasa kana yaba fenti, kuma abin da ke bisa kanka ƙasa ce da jakuna suka yi kwanaki suna kawowa. Duk wanda ya ga daminar 2022 a Jigawa ya san yadda ginin ƙasa yake zama idan ruwa ya yi masa yawa. Idan ka gaji da zauren, gara ka sauke rufin gaba ɗaya ka kafa kwano, zan yi baƙin ciki amma zan yi barci. Ka bar ƙasa a sama ka ɓoye ta, wannan ne ba zan yarda da shi ba.

Gwaggo Uwar Biki:
Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu maza ake ta magana, alhali wadda za ta kwana tana kallon silin ɗin nan, ta kuma share yanarsa, ba a tambaye ta ba. Ɗana, ka tambayi yarinyar da za ka aura? Mu a zamaninmu adon ɗakin amarya jere ne, kwalla da tasa da samira tun daga ƙasa har kusa da rufi, sama kuma mukan ɗaure sabon yadi ko atamfa kusurwa huɗu domin ya tare ƙasa da tsaka. Idan ya yi datti a kwance a wanke a mayar. Har yanzu akwai masu ɗinka buhu su yi haka a ƙarƙashin kwano, kuma yana rage zafi fiye da yadda ake zato, sai dai ɓera yakan mai da shi gado.

Abin da na gani a ɗakunan 'ya'yanmu na yanzu shi ne wannan: silin mai lunguna da yawa kyansa na wata uku ne. Da hunturu ya shigo, ƙura takan kwanta a kowane hawa, zanzaro ya gina ɗakinsa a lungun da aka ɓoye fitila, gizo-gizo ya yi saƙa, mace kuwa ba ta isa wurin sai ta hau kujera. A birni suna rufe taga su kunna na'urar sanyaya ɗaki, mu kuwa ƙofa a buɗe take wuni, ga hayaƙin murhu yana shigowa daga tsakar gida. Ni da za a ji tawa, a yi wa falon shafaffen silin fari, da ɗan zobe guda a tsakiya inda fanka za ta sauko, da siririn layi a gefe. Uwar ɗaka kuma a sa mata na roba, wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Sannan Baba, ka manta ba ka faɗa masa ba. A tsakiyar daurin gugan nan, inda ƙafafun suka haɗu, akwai tasa a manne, hayaƙi ne ya rufe ta. Ta kakarsa ce, daga kayan jerenta aka ciro. Shi ya sa uwarsa ta yi shiru.

Baba Magini:
Wallahi haka ne, Allah ya yi miki albarka. Al'ada ce ta magina, a gidajen sarauta ma akan manna tasa ko faranti a mahaɗar baka, domin idan hasken fitila ya bugi wurin ya riƙa walƙiya.

Mai Gyaran Wuta:
Ina goyon bayan Gwaggo a kan falon, kuma ina da ƙarin dalili. Ɓoyayyun fitilu masu launi an yi su ne domin gidan da wuta take zama. Mu nan, wanda ya dogara da faranti ɗaya ko biyu na hasken rana da batiri guda, kowane ƙwai lissafi ne, kuma farin silin shafaffe yana mayar da hasken ƙwai ɗaya ya cika ɗaki, alhali mai duhun fenti ko mai zurfin lungu shanye shi yake yi. Abu na biyu, kowane irin silin za a yi, a kira ni kafin a rufe, ba bayan an rufe ba. Waya ta bi ta cikin bututun roba saboda ɓera, kada a bar mahaɗa a buɗe a kan katako, kuma ƙugiyar fanka a ɗaure ta a ƙarfe ko katako mai kauri na jikin rufi, ba a jikin silin ba. A bar ƙofar da mutum zai iya shiga sama. Na sha zuwa gidan da dole sai an fasa ado mai tsada kafin a kai ga waya ɗaya da ta ƙone.

Game da na roba, Gwaggo, yana da sauƙin kuɗi da sauƙin gogewa, ruwa kuma ba ya ɓata shi, amma idan kafinta ya yi rowar katako ya ba da tazara mai faɗi, zafin watan Afrilu, da yakan haura digiri 40, zai sa ya yi ciki. Idan kuma gobara ta tashi, narkewa yake yi yana fitar da hayaƙi mai guba, saboda haka kada a kai shi kusa da inda ake girki. Sannan a duba tsayin bangon: wanda bai kai ƙafa goma ba, idan aka sauko da hawa biyu aka rataya fanka, dogon mutum zai riƙa sunkuyawa a falonsa.

Malamar Asibiti:
Tunda ana lissafa nau'o'in silin, ina roƙon a ba ni dama in ja kunne a kan guda ɗaya, domin na ji ana cewa za a sayar da tsofaffin allunan da aka cire daga wani gini da araha. Tsohon silin asbestas, mai faɗi murabba'i da ake riƙewa da siraran katako, ba ya cutarwa sosai muddin yana zaune lafiya da fentinsa, amma idan aka yanka shi da zarto, ko aka huda, ko ya farfashe, ƙurarsa tana shiga huhu ta zauna, kuma ciwon da take haddasawa, har da sankarar huhu, yakan ɗauki shekaru ashirin ko fiye kafin ya bayyana. Ƙasashe fiye da 50 sun haramta shi. Ƙanena, kada araha ta ja ka. Kawu, ku ma da kuke cire shi, ku jiƙa shi da ruwa, ku rufe hanci, kada ku bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa. Sannan a toshe bakin kwano da raga, iska ta shiga amma jemage kada ya shiga, domin warin kashinsa a cikin silin babu turaren da yake kashe shi.

Kawu Kafinta:
Na karɓi wannan, Malama. Amma har yanzu ina nan a kan bakana cewa zauren yana bukatar haske. Idan ba za a rufe shi ba, to a shafe ƙafafun da farar ƙasa, a bar azarar da launinta bayan an goge, a sa ƙwai ɗaya a gindin kowace ƙafa yana haska sama. Wannan zan iya taimakawa a kai ba tare da na karɓi ko sisi ba.

Mai Fiyofi:
Kawu, abin da masu kuɗi suke biyan mu mu yi musu da filasta ke nan, baka fari da duhu a tsakani. Ni ma zan zo in ɗauki hotonsa idan an gama, domin akwai wanda nake so in nuna wa.

Ɗan Autan Gida:
Na gode, iyayena, Allah ya saka da alheri. Maganar tasar nan ban taɓa jin ta ba sai yau, na je na haska da fitilar waya, kuma ga alama tana nan, gefenta ya ɗan fito. Falon zan bari sai bayan kaka kamar yadda ƙanena mai fiyofi ya ce, kuma zan aika a tambayi yarinyar tsakanin shafaffe da mai hawa, ko da yake ni har yanzu raina yana kan mai hawa biyun, ba zan ɓoye ba. Zauren kuma ban yanke hukunci ba tukuna, domin da na haska na ga azara biyu a kusurwar gabas sun yi kamar sun sauko kaɗan, kuma ban san ko tun asali haka suke ba. Baba, idan ka sami dama, ina so ka gani da idonka.

Baba Magini:
Kusurwar gabas ita take shan ruwa, daga can hadari yake bugowa, kuma indararon yana wannan gefen. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zo. Ka nemo tsani mai ƙarfi da wuƙa mai tsini, ni ba zan hau ba, jikana zai hau ya soka ina gaya masa inda zai soka. Idan wuƙar ta shige cikin azarar, a ranar za mu tallafe ta, kuma kada kowa ya ƙara shimfiɗa tabarma a wannan kusurwar kafin in zo.